Abin da Harshe Ba Ya Ji a Ruwa

Duk wanda ya tsaya bakin rijiyar makiyaya a arewacin Dakoro da rani, bayan garke ya sha ya watse, zai ga wani siririn farin layi a jikin komin siminti, daidai inda ruwa ya tsaya kafin rana ta shanye shi. In ka shafa da yatsa ka kai baki, wani komin gishiri za ka ji, wani kuma ɗan baurin kanwa. Awaki sun riga mu sanin wannan layi, don su ne ke komawa suna lasarsa bayan shanu sun ba da wuri. Shi ne dai ke fitowa a gindin butar shayi, da bakin famfo, da bayan randar da ta daɗe tana tsatsa.

Dalilinsa ba shi da wuya. Ruwa yana tashi ya bi iska, gishirin da ke cikinsa kuwa ba ya tashi. Ruwan rijiyoyinmu ya daɗe a ƙarƙashin ƙasa yana ratsa yashi da dutse, yana narkar da abin da ya tarar, kuma a wannan yanki rijiya mai zurfin mita 50 ba abin mamaki ba ce, akwai ma masu neman mita 100, waɗanda sai da sa ko raƙumi ake jan wasakinsu. Ruwan saman da muke samu a shekara bai cika wuce milimita 300 zuwa 400 ba, amma a bazara rana tana iya kwashe kusan santimita guda daga buɗaɗɗen ruwa a yini ɗaya. Shi ya sa tabkin da aka sha da daɗi a watan Satumba, in ya kai Janairu yana ƙanƙancewa, ɗanɗanonsa yake sauyawa. Gishirin cikinsa yana nan yadda yake, ruwan da ke lulluɓe shi ne ya ragu.

Mutanenmu ba su da na'ura, amma ba su jahilci ruwa ba. Mace a Dakoro ta san famfon da za ta aika yaro in shayi za a dafa wa baƙo, ta san wanda ruwansa ke cinye sabulu bai yi kumfa ba, ta san wanda in ta ɗora wake da shi sai ta ƙara kanwa kafin ya nuna. Ɗan garuwa ma ya san cinikinsa yana ga ruwan da ba shi da zartsi, ko da ya fi nisa. Makiyaya kuwa sun fi kowa. Na ga wani dattijo Bafulatani a wata rijiya ta wajen kwarin Tarka, an jawo wasaki na farko, bai bari an zuba a komi ba sai da ya ɗebi tafi guda ya kurɓa, ya juya shi a baki, ya tofar. Na ce, "Baba, lafiya?" Ya ce, "Ɗana, bara war haka ya fi wannan sanyin baki. Bana ya yi nauyi. Manyan za su sha, maruƙan sai na kai su gaba." Bai san sunan abin da ya ƙaru a ruwan ba, amma ya san ya ƙaru, ya kuma san wanda zai cutu da shi.

Su makiyaya gishiri abin nema ne a wurinsu. Da damina garkunan Bermo da Gadabeji suna hawa arewa zuwa filayen Ingal, inda ƙasa da ciyawa da ruwa duk suke da gishiri, dabba ta lasa ta sha ta murmure. Da rani kuma a sayi kantun Balma, ko gishirin Tegidda, ko kanwa, a farfasa a zuba musu. Sai dai ko a nan akwai iyaka. Hukumar Abinci da Noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta nuna cewa ruwan da gishirinsa bai kai giram 3 a lita ba yana da kyau ga kowace dabba. Daga giram 3 zuwa 5 za su sha, amma wadda ba ta saba ba tana iya yin zawo ko ta ƙi shi da farko. In ya haura giram 10, bai kamata a ba su ba sam. Tsakanin waɗannan lambobin ne dattijon nan yake aunawa da bakinsa.

Abin da ya sa na ƙara duban wannan lamari shi ne hirar da muka yi da ɗan wata ƙanwata, wanda ke gadi a gidan wani mai hali a Abuja. Cikin aikinsa har da kula da wurin iyo na gidan. Ya ce mini, "Kawu, da hannuna nake farka buhun gishiri in juye a ruwa mai daɗi." Na ce, "Kai, yaro, ruwan da ake nema ido rufe shi za a ɓata da gangan?" Ya ce ai da awo ake yi, kuma duk mako sai ya auna ya rubuta a takarda, in lambar ta kauce maigida sai ya ji.

Irin wannan wurin iyo ya yawaita a Ostareliya da Amurka da kudancin Turai. Gishirin da ake so a cikinsa giram 3 ne zuwa 4 a kowace lita, gwargwadon na'urar da aka sa. Wurin iyo mai cin lita 50,000, wato bidon 2,000 masu lita 25, yana bukatar kilo 150 na gishiri ko fiye kaɗan, buhu uku ke nan masu kilo 50. Ruwan teku yana da kusan giram 35 a lita, ya ninka na wurin iyo sau goma. Hawayen ɗan Adam da jininsa suna da kusan giram 9. Ruwan gishiri da sukari da ake ba yaro mai zawo, wanda ake haɗawa da ƙunshin da ake bayarwa a likita, giram 2.6 na gishiri ne a lita. Ruwan sha kuwa, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce in duk abin da ya narke a cikinsa bai kai miligiram 600 a lita ba yana da daɗin sha, in ya wuce giram guda mutane sukan fara ƙyamarsa. Ke nan ruwan da mai hali ke iyo a cikinsa, da a rijiyarmu aka same shi, da mun ce zartsi ya yi masa yawa mun bar wa shanu.

Gishirin da ke wurin iyo bai isa ya kashe ƙwayar cuta ba. Aikinsa daban ne. Akwai wata na'ura a kan bututun da ruwan ke zagayawa, mai faranta na ƙarfe da ake ba wuta. In ruwan gishiri ya ratsa tsakaninsu, lantarki yana raba gishirin ya fitar da sinadarin kulorin, wato dai abin da ke cikin ruwan jabel da matanmu ke wanke fararen kaya da shi. Kulorin ɗin ya kashe ƙwayoyin cuta da gansakuka, in ya gama aikinsa ya koma gishiri, ya sake zagayowa. Shi ya sa ba a ƙara gishiri kullum. Yana raguwa ne kawai in ruwa ya fantsama waje, ko an zubar da wani, ko ruwan sama ya cika wurin ya malala. In rana ce ta shanye ruwan, gishirin ƙaruwa yake yi, yadda yake yi a tabkinmu, sai a ƙara ruwa mai daɗi. In gishirin ya yi ƙasa da awo na'urar ba ta samar da kulorin isasshe, ruwa ya yi kore. In ya yi yawa ya ci ƙarfe, kuma ba a iya tsamo shi, sai an zubar da wani ruwan an sa sabo.

Yaron ya ce abin da ya fi ba shi aiki shi ne wata lamba da ake kira pH. Wannan kowace uwa a ƙasar Hausa ta san shi a tukunya, da kunun tsamiya da kunun kanwa. Ma'auni ne daga 0 zuwa 14. Ƙasa da 7 ɓangaren tsami ne, sama da 7 ɓangaren kanwa, 7 kuma tsakiya. Mai son gani da ido ya jiƙa zoɓo ya jefa ɗan guntun kanwa, jan zai dushe ya koma duhu-duhu mai ratsin kore, in ya matsa lemun tsami jan ya dawo. A wurin iyo ana so lambar ta tsaya tsakanin 7.2 da 7.8. Na'urar gishiri tana yawan tura ta sama, sai a sa ruwan asid a sauko da ita, in kuma ta faɗi ƙasa a sa wata farar hoda wadda asalinta ɗaya da kanwar kasuwa. Abin da ya sa ake wannan wahala shi ne ƙarfin kulorin yana bin lambar nan. A 7.5 kusan rabinsa ne ke da kaifin kisa. A 8 bai fi kashi ɗaya cikin huɗu ba. In an kai 8.5, ɗaya cikin goma ma da ƙyar.

Wannan ya shafe mu kai tsaye, ko da ba mu taɓa ganin wurin iyo ba. Matar da ta jefa ƙwayar kulorin ta Aquatabs a bidon ta jira rabin awa ta yi abin da aka ce ta yi. Amma in ruwan rijiyarsu mai kanwa ne, ko mai laka, ƙwayar ba za ta yi aikin da ake zato ba. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce, bayan minti 30 a samu aƙalla rabin miligiram na kulorin ya rage a lita, kuma pH ya kasance ƙasa da 8. Ruwa mai laka kuwa sai an bar shi ya kwanta, ko an sa masa alif ko dakakken irin zogale, an tsiyaye, sannan a sa magani, don lakar ce ke cinye kulorin kafin ya kai ga ƙwayoyin cutar. Rana ma tana cinye shi, don haka bidon da aka sa wa magani inuwa ce wurinsa, a rufe.

Lokacin da kwalara ta ɓulla a Madarunfa a 2018, da kuma 2021 da ta bazu a jihar Maraɗi da wasu jihohin ƙasar, an ga ma'aikatan lafiya da na agaji a bakin famfuna da rijiyoyi riƙe da wani ɗan akwatin roba mai haske da bai fi tafin hannu ba. Ɗakuna biyu ne a cikinsa. A cika su da ruwan bidon, a jefa farar ƙwaya a ɗaya, wata ƙwayar a ɗayan, a rufe a girgiza, a ɗaga sama ana duba shi ta hasken rana. Ɓangare ɗaya ya yi ruwan hoda, in ya yi fari fes ke nan ba kulorin, in ya yi ja sosai an cika hannu. Ɗaya ɓangaren ya fito tsakanin rawaya da ja, a gwada da launukan da aka buga a jikin akwatin a karanta pH. Mata suna tsaye da bidon ɗinsu suna jira, yara sun leƙo suna son ganin launin. Abin ba ya cin minti biyu. Da na kwatanta wa ɗan ƙanwata akwatin, sai ya ce, "Kawu, ai irinsa ne nake aiki da shi." Gaskiyarsa ne, don asali domin wuraren iyo aka ƙera shi, masu aikin agaji suka ga amfaninsa suka ɗauka. Abin da ke damuna shi ne a can duk mako ake fito da shi, a nan kuwa sai annoba ta shigo ake ganinsa, in ta lafa a mayar da shi kwali.

Ita ma dabarar fitar da kulorin daga gishiri ta sauko daga gidajen masu hali tuntuni. Wata gidauniya mai suna Antenna da ke Janeba a ƙasar Suwizalan ta ƙera ƙaramar na'ura da ake kira WATA, wadda batir ko farantin hasken rana ke iya tayarwa. Ana narka giram 25 na gishiri a lita guda ta ruwa mai tsabta, a tsoma na'urar, bayan 'yan awoyi a samu ruwan kulorin mai ƙarfin giram 6 a lita. Lita guda ta wannan tana tsarkake kusan lita 4,000 na ruwa garai, bidon 160 ke nan. An yi aiki da ita a Gini da Mali da Burkina Faso, a asibitoci da makarantu. Tana da sharuɗɗanta: gishirin ya zama fari mai tsabta, kantu da ƙasarsa ba zai yi ba, kuma abin da aka samu a yi amfani da shi cikin yini guda in ba an sa masa abin da zai riƙe ƙarfinsa ba. Gishiri da rana dai ba su ne Dakoro ta rasa ba. Ina ganin kowace likitar ƙauye mai farantin sola a saman rufinta ta cancanci irin wannan na'ura, ko don wanke ɗakin haihuwa.

Amma akwai abin da kulorin ba ya taɓawa, harshe kuma ba ya ji, kuma a jiharmu aka ga mafi muninsa. A Tibiri ta Gobir, kusa da Maraɗi, an fara ba mutane ruwan wata rijiyar burtsatse a 1985. Ruwan garai yake, ba wari, ba zartsi, mutane suka yi murna da samun famfo. Yaran da aka haifa suka taso da shi sai haƙoransu suka fara yin ja da baƙi, sannan ƙafafu suka fara lanƙwashewa, wasu kawunansu suka yi girma, wasu suka kasa tafiya. Iyaye suka yi ta neman magani, wasu suna zaton iska ce, wasu suna cewa gado ne. Da aka auna ruwan, sai aka tarar sinadarin fulorayid da ke cikinsa ya haura ninki uku na iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa, wato miligiram 1.5 a lita. Sai a shekarar 2000 aka daina ba da ruwan, shekara 15 bayan buɗe shi. Ɗaruruwan yara ne suka nakasa, kuma ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta FIDH ta fitar da rahoto a kan lamarin a 2002. Yaran nan yanzu magidanta ne da matan aure, kuma ƙashin da ya lanƙwashe a yarinta ba ya miƙewa don an sauya rijiya.

Fulorayid ɗin Tibiri miligiram 5 ko 6 ne a lita, abin da bai kai ƙwayar gero ba. Dattijon kwarin Tarka da duk gwanintarsa ba zai ji shi a baki ba. Tafasawa ba ta fitar da shi, sai ma ta ƙara masa ƙarfi, tunda ruwa ne ke tashi shi yana zaune. Ƙyallen tacewa ma ba ya riƙe shi. Ƙyallen nan ya yi mana babban aiki a yaƙi da kurkunu, har aka tabbatar wa Nijar a 2013 cewa ta rabu da cutar, amma abin da ke ɗauke da kurkunu ɗan ƙwaro ne mai jiki, ƙyalle yana tare shi. Abin da ya narke kuwa wucewa yake yi. Haka sinadarin naitiret yake, wanda ke tsatsa daga kashin dabbobi da masai ya shiga rijiyar da ba ta da nisa da su. Iyakarsa miligiram 50 ne a lita, kuma jarirai ne ya fi yi wa lahani. Duk wanda ya ga taki da fitsarin da ke taruwa kewayen rijiyar makiyaya a watan Afrilu ya san tambayar tana da wurin zama.

Ban raina awon harshe ba, shi ya raya kakanninmu a ƙasar da ruwa ke da wuya, kuma har gobe shi zai fara gaya mana in rijiya ta sauya. Amma yanzu foraj, wato rijiyar burtsatse, ya yawaita. Gwamnati tana haƙawa, ƙungiyoyi suna haƙawa, masu neman lada suna haƙawa, ɗan gari da ya samu a waje yana turo kuɗi a haƙa wa unguwarsu. Ana shiga zurfin da guga bai taɓa kaiwa ba, inda babu wani tsoho da ya san halin ruwan. Ranar buɗewa a yi addu'a, a kunna famfo, kowa ya kurɓa ya ce alhamdu lillahi, da daɗi. Na Tibiri ma da daɗi yake.

Abin da nake so in gani ba shi da tsada in an gwada da kuɗin haƙa foraj ɗaya. A jikin kowane shato, wato tankin ruwa, da kowane famfon unguwa, inda ake rubuta sunan wanda ya gina da shekarar da aka gina, a bar wuri a rubuta sakamakon awo da ranar da aka yi shi: yawan gishiri, pH, fulorayid, naitiret, da ko an samu ƙwayoyin kashi a ciki. Nijar tana da dokar ruwa tun 2010, akwai ma'aikatar ruwa ta jiha a Maraɗi, akwai Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo da ɗalibanta masu karatun sinadarai da ke neman inda za su gwada hannu. Kwamitin da ke karɓar kuɗin bidon yana iya ware wani abu daga ciki don wannan. Na'urar auna gishiri ba ta fi alƙalami girma ba, akwatin kulorin da pH kuwa ɗan sakandare yana iya koyonsa a zama ɗaya. Fulorayid da naitiret su ne za a ɗebi ruwa a kwalba mai tsabta a kai Maraɗi. Foraj mai zurfi a auna shi kafin a buɗe wa jama'a, sannan a riƙa maimaitawa. Rijiyoyin guga da tabkuna kuwa a auna su sau biyu a shekara, ƙarshen damina da tsakiyar bazara, don ruwansu na Oktoba daban yake da na Mayu.